Wanda Ya Kashe Ciroma Maigizo

A shekara ta goma sha ɗaya da fara yaƙi tsakanin Birnin Gwalmi da Birnin Tukarai, aka wayi gari kowane ɓangare yana maganar sulhu. Ba zukata ne suka yi sanyi ba. Hatsi ne ya ƙare.

Abin da aka zare takobi a kansa wani kwari ne mai faɗi da ke tsakanin biranen biyu, Kwarin Marke, ƙasar da ko sanda mutum ya kafa ya manta, in ya dawo sai ya tarar ta yi ganye. Gwalmawa suka ce na kakanninsu ne. Tukarawa suka ce su ma ba daga sama suka faɗo ba, suna da kakanni. Aka ɗaura sirdi. Tun daga ranar babu wanda ya sake saran ƙasar nan da fartanya, domin duk manomin da ya sunkuya, da kibiya a gadon baya yake miƙewa, in ma ya miƙe. Kwarin ya zama na ciyawa da kuraye. Su kaɗai suka ci ribar yaƙin, kuma har yau ba su aiko da godiya ba.

Galadiman Gwalmi, wani siririn dattijo mai suna Barmo, shi ke riƙe da rumbunan birni. Saboda haka cikin duk masu sarautar fada shi kaɗai ya san kamannin gindin rumbu. Ya leƙa, ya ga daɓe. Ya san in daminar bana ta wuce ba a shuka Kwarin Marke ba, to baɗi ba sai Tukarawa sun wahalar da dawakinsu ba, su yi zamansu a gida yunwa ta ci musu Gwalmi. Ya kuma san nasu rumbunan ma haka suke, don ya ga haƙarƙarin dogaransu. Rani guda ya yi yana kai da kawowa a kan hanyar nan ta kwana uku, har Sarkin Tukarai Ƙosau ya yarda a yi Amsa Jini kafin ruwan shuka ya sauka.

Amsa Jini tsohuwar al'ada ce ta ƙasar, ba a ɗaura sulhu sai da ita. Runduna biyu su tsaya, rafi a tsakaninsu. Sanƙiran waɗanda aka yi wa rashi ya kira sunan mamaci sau uku. Wanda ya kashe shi ya fito, ya tuɓe rawani, ya ce, "Ni ne." Ya ɗebi ƙasar bakin rafi da hannunsa ya zuba cikin ƙwaryar uwar mamacin, ko wanda ya fi kusa da shi. Ita kuwa ta zuba ruwa a kai ta ce, "Ya tafi." Daga nan jinin ya mutu, babu fansa. Sharaɗin ɗaya ne: mamaci ɗaya, mai amsa ɗaya. In ba a amsa ba, ko aka yi jayayya, ba a zuba ruwa, kowa ya koma gida ya wasa takobinsa.

Talakawa ba su ba da wahala ba. An shirya a kira su unguwa-unguwa, majema a haɗe, masaƙa a haɗe, wani bawan sarki mai babbar murya ya amsa musu gaba ɗaya. Da ransu ma ba su saba gardama ba, balle yanzu.

Ranar da Galadima ya dawo da amsar ƙarshe, fada ta cika maƙil, kuma mutane a tsorace suke. Kwana uku a jere wata ungulu tana sauka bisa soron fada ta ɗaga ƙafa ɗaya. An kira mai duba, ya buga ƙasa, ya share, ya sake bugawa, ya ce alamar babban al'amari ce. Aka ce na alheri ko na sharri? Ya ce ya danganta da wanda abin ya faɗa wa. Aka ba shi riga.

Sarki Tunau yana bisa karaga, amawali ya rufe masa baki. Al'adarsa ce ya yi magana ƙasa-ƙasa, Sanƙira ya ɗaga wa jama'a, kuma sau da yawa abin da Sanƙira ya faɗa ya fi na Sarkin ma'ana.

Galadima ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Sarkin Tukarai ya yarda da mashigin Marke, ran Alhamis ta sama. Ya yarda rafi ya zama iyaka, kowa ya noma gefensa. Ya yarda da yadda muka shirya talakawa. Suna ɗaya ya rage, Ciroma Maigizo, wansa, wanda ya mutu a mashigin shekara tara da suka wuce. Sarki Ƙosau ya ce shi kam ya daɗe da yafewa."

Wannan bai ba kowa mamaki ba. Da wan ya rayu, da har yanzu Ƙosau a ƙasa yake zama kamar kowa.

"Amma ƙwaryar ba a hannunsa take ba," in ji Galadima. "Mahaifiyarsu Magajiya Gwamma tana da rai, kuma ta ce da kanta za ta zo. Mutum ɗaya take so ya amsa."

Da a wata ƙasa ce, da nan fada za ta yi tsit, kowa ya sunkuya yana duban yatsun ƙafarsa. A Gwalmi mutum biyu suka yunƙura lokaci guda.

Madawaki Jatau, ƙaton mutum mai wuyan bijimi, shi ya riga buɗe baki. "Ranka ya daɗe, wannan ba abin da za a tara majalisa a kansa ba ne. Har 'ya'yan goye sun san mashin da ya shiga ƙirjin Maigizo."

Kaura Nabara, gajere mai tabo a kunci, ya gyara zama. "Allah ya taimaki Sarki, ban ƙi ta Madawaki ba. Wataƙila ya soki wani a ranar, don mutane sun yi yawa, mashinsa kuma dogo ne. Amma Ciroma, wannan hannun ne ya sare shi a wuya. Sai da na wanke takobina sau uku."

"Kai da ka iso mashigi bayan an fara kwasar ganima?"

"Na makara, Madawaki, don na biyo ta inda abokan gaba suke. Ba kowa ya san hanyar da babu su ba."

Dogarai suka ce, "Hattara!" Fadawan kowane ɓangare suka fara gyaran murya.

Ba hauka suke yi ba. Saboda Maigizo aka ba Madawaki garuruwa uku, saboda Maigizo aka ba Kaura biyu. Maroƙan Madawaki suna ce masa, "Jatau mashin Marke, ka kwantar da Ciroma a ruwa." Na Kaura suna ce masa, "Nabara wanzamin fama, ka yi wa Maigizo aski har wuya." Shekara tara suna raba gawar nan tsakaninsu, kowa da unguwannin da ake yarda da shi. Yanzu wanda ya amsa a gaban runduna biyu, shi ne har abada. Ɗayan kuwa ya zama mai cin garuruwa a kan ƙarya.

Galadima ya zauna yana duban tabarma. Shi kaɗai a fadar nan ya san yadda aka yi.

Ƙarshen damina ne a lokacin, rafi ya kawo. Tukarawa suka ƙetaro da hantsi, tutoci ja, kakaki na tashi. Dawakin Madawaki suka faɗa musu ta dama, Kaura ya ɓullo daga cikin kyauro ta hagu, aka gauraya har ƙura ta rufe rana. Kafin azahar Tukarawa suka karye. Dubban mutane suka nufi mashigin da ba ya ɗaukar doki huɗu a jere, na baya na hawa na gaba, masu sulke na nitsewa kamar duwatsu. Shi Galadima yana can baya da takarkarai masu ɗauke da guzuri, ya iso kamar kullum, bayan an gama jarumtaka. A ƙasan mashigi, cikin laka, ya tarar da wani doki kwance, ƙarƙashinsa mutum mai jan lifidi, fuskarsa a nutse. Ya sa aka jawo shi. Ciroma ne. Babu sara, babu suka, ko ƙwarzane babu. Kan dokin kuwa Tukarai yake duba. Ya wanke masa fuska, ya naɗe shi cikin baƙin saƙi, ya ɗora bisa takarkari, ya saki kamammu biyu su kai shi gida.

Da ya iso sansani da la'asar, ya tarar makaɗan Madawaki sun riga sun kashe Ciroma da mashi, na Kaura sun kashe shi da takobi. Daga baya labari ya zo cewa mawaƙan Tukarai sun ce sai da ya kar da mutum arba'in kafin ya faɗi. Galadima ya ga mutuwar ta riga ta yi masu ita, ya ja bakinsa.

Yanzu ya ɗago kai ya ce, "Zaki, in an ba ni dama. Madawaki ne babba a sarauta, shi ya amsa. Kaura kuwa a sanar cewa shi ya sare dokin Ciroma, wanda ba don haka ba da mashi bai kai gare shi ba. A ƙara masa da tsayawa a hannun daman Sarki ranar."

"Doki?" in ji Kaura. "Galadima, shekara tara ina kashe Ciroma, yau ka ce doki na kashe?"

"Doki ne mai tsada, Kaura. Ɗan Azbin ne."

Sarki ya yi gunaguni cikin amawali. Sanƙira ya karkata kunne, ya miƙe ya ce, "Zaki ya ce maganar Galadima ita ce maganarsa tun farko. Madawaki ya amsa. Kaura ya tsaya a dama. Wanda ya ƙi, ya ƙi Sarki."

Kaura ya ce, "Na ji."

Galadima ya lura bai ce ya yarda ba. Don haka da yamma ya tafi gidansa da alkyabba, ya zauna da shi har ya sa shi dafa ƙarfe ya rantse cewa ba zai tashi don ra'ayin kansa ba ranar Alhamis. Sa'an nan ya bi sauran abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A kwance tsirkiyar kowane baka. A ɗaure kowane takobi a kubensa da igiya. Masu gaba da juna a raba su da tazarar doki goma. Ya aika wa mutanen ƙauyukan kwari, waɗanda shekara goma sha ɗaya suna cunkushe a bukkoki bayan ganuwa, cewa su fito da fartanyoyinsu su duba ƙotoci, su fiddo irin da suka ɓoye. Gabas ta fara haɗa hadari. Babu abin da bai tuna ba, sai abu ɗaya.

Ran Alhamis da safe runduna biyu suka tsaya a mashigin Marke. Rafin ya ƙafe, sai ɗan ruwa a tsakiya da ba zai rufe idon sawu ba, har mutane suna mamakin yadda ya cinye dakaru haka. Aka fara da talakawa. Sanƙiran Gwalmi ya kira majema da masaƙa da maharba, bawan Sarkin Tukarai ya ce, "Ni ne." Sanƙiran Tukarai ya kira nasu, bawan Sarkin Gwalmi ya ce, "Ni ne." Aka zuba ruwa. Kafin rana ta yi zafi an sallami mutum dubu da yawa, babu wanda ya yi ko tari.

Sa'an nan aka shimfiɗa farar tabarma a bakin ruwa. Mata biyu suka riƙo wata ƙaramar tsohuwa suka zaunar da ita, suka ajiye ƙwarya a gabanta da buta a gefe. Magajiya Gwamma ke nan. Ba ta dubi ɗanta Sarki ba, ba ta dubi Sarkin Gwalmi ba. Lakar rafi take duba.

Sanƙiran Tukarai ya cika ƙirji ya kira, "Ciroma Maigizo!"

Madawaki ya sauka daga doki, ya fara warware rawani a hankali, don kowa ya gani.

"Ciroma Maigizo!"

A nan ne kotso ya tashi daga bayan rundunar Gwalmi.

Makaɗan Kaura ne. Shekara tara, duk inda aka ambaci sunan Maigizo, a biki ko a kasuwa ko a gidan makoki, aikinsu su buga taken ubangidansu kafin na Madawaki su riga su. Hannayensu sun saba, ba sa jiran shawarar kai. A kira na farko sun daure. A na biyu hannun babbansu ya tafi da kansa, sauran suka bi. Galadima ya ɗaure takubba, ya kwance bakuna, bai tuna da kotso ba.

A Gwalmi akwai abin da ba a yi: a kaɗa taken mutum yana zaune. Ko a gadon mutuwa yake sai ya ɗaga hannu. Kaura ya juyo ya dubi Galadima, idonsa kamar mai neman gafara. Ya rantse ba zai tashi don ra'ayin kansa ba, kuma ga shi ba ra'ayinsa ba ne. Ya diro daga doki kamar an jawo shi da igiya.

"Ciroma Maigizo!"

"Ni ne," in ji Madawaki.

"Ni ne," in ji Kaura.

Wurin ya yi tsit, har makaɗan suka ji abin da suka yi. Daga can ƙetare aka fara jin mutane suna taɓa igiyar kube.

Magajiya ta ɗago kai ta dube su, ƙato da gajere, kawunansu a waje. Muryarta ƙarama ce amma ta kai ko'ina. "Da na san ku biyu ne, da na zo da ƙwarya biyu. Kai babba, a ina ka same shi?"

"A ƙirji, Magajiya. Mashi ya shiga nan, ya fita ta baya."

"Kai fa?"

"A wuya, ranki ya daɗe. Saura kaɗan kan ya rabu."

"Ikon Allah," in ji ta. "Ranar da aka kawo min shi, na hana a binne sai na gani. Na sa aka kwance shi a zaure, na duba shi daga kai har ƙafa kamar ran da na haife shi. Ƙirjinsa lafiya. Wuyansa lafiya. Laka ce kawai a hancinsa da kunnuwansa. Shekara tara ina jin mawaƙa suna sara min ɗa, na wannan gari su sare shi ta gaba, na wancan su sare shi ta gefe. Ban zo nan in ji waƙa ba." Ta jawo butar kusa da ita, ta ɗora hannu a bakinta. "An naɗo shi cikin baƙin saƙi, an wanke masa fuska. Wanda ya yi wannan yana wurin. In yana nan, ya fito. In ba ya nan, ku mai da ni gida."

Galadima ya dubi hannun nan da ke kan buta. Ya dubi bayan rundunar Tukarai, inda ciyawar kwari ta fi mutum tsawo. In ya faɗi gaskiya, cewa Ciroma gudu yake dokinsa ya danne shi, to ya zagi Tukarai zagin da ya fi kisa, igiyoyin kube ba za su kai ƙiftawar ido ba. In ya yi shiru, tsohuwa ta tafi da ruwanta. Ya ga saura hanya ɗaya, kuma bai so ta ba.

Ya sauka, ya tuɓe rawani, ya ratsa tsakanin jaruman nan biyu, ya durƙusa.

"Ni ne, Magajiya. Dokinsa ya faɗi da shi a ƙasan mashigi. Ya miƙe yana neman takobinsa, na rungume shi muka faɗa cikin laka, na danne kansa har ya daina motsi. Shi ya sa ba ki ga rauni ba. Saƙin nawa ne."

Tukarawa suka dubi siririn tsohon nan, suka dubi juna. Sanƙiransu ya yi ihu daga ƙetare, "Bayan ya kar da arba'in ɗin?"

"Bayan ya kar da su," in ji Galadima. "Shi ya sa ya gaji, har irina ya iya da shi."

Wani gunaguni na gamsuwa ya bi rundunar Tukarai. Hannaye suka bar kube.

Galadima ya ɗebi ƙasa ya zuba a ƙwarya. Da ya sunkuyo, tsohuwar ta riƙe masa wuyan hannu, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Ƙarya kake. Hannun nan bai taɓa danne ko ɗan akuya ba. Ina dokinsa ya fuskanta?"

"Gida, Magajiya."

Ta lumshe ido. "Da zai fita na ce masa in ya ga abin ya yi zafi ya dawo min. Kowa ya ce ba ya jin magana." Ta saki hannunsa, ta ɗaga buta, ta tsiyaya ruwa a kan ƙasar har ta jiƙe, ta ce da ƙarfi, "Ya tafi."

Kakaki ya tashi daga gefe biyu. Sarakuna suka haɗu a tsakiyar rafi suka riƙe hannun juna, kowa yana duban bayan ɗan'uwansa. Tukarawa suka juya gida da murna. Mutanen kwari da suka biyo runduna daga nesa, maza da mata, ba su ma koma birni ba, suka shiga ciyawa da adduna suna neman iyakokin gonakinsu. Galadima ya naɗa rawaninsa. A hanyar komawa ya lura da abin da bai gani ba shekara tara: Madawaki da Kaura suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu mai kaɗa wa kowa take.

Washegarin isowarsu aka buga tambarin majalisa. Su biyun suka zauna a tabarma ɗaya. Bayansu, har bakin ƙofa, barade ne a tsaye, kuma babu wanda ya tuna ya ɗaure musu takubba.

Madawaki ya fara, murya a kwance. "Allah ya ba ka nasara. Tambaya ɗaya muke so a yi wa Galadima a gaban Sarki. Shi ya kashe Ciroma, ko ba shi ba? In ba shi ba ne, an zuba ruwa a kan ƙarya, sulhu bai ɗauru ba."

Sarki ya motsa amawali. Sanƙira ya ce, "Zaki ya ce Galadima ya amsa."

"Ni na kashe shi," in ji Galadima.

"Madalla," in ji Kaura. "To mun zama maƙaryata ni da yayana Madawaki. Jiya a ƙofar gari mata masu sayar da daddawa suna tambayata lafiyar dokin. Mun karɓa. Amma Zaki ya duba: wanda ya ba maƙaryata garuruwa biyar, ya yafa musu alkyabba da hannunsa, ya zauna shekara tara ana yi masa waƙar ƙarya yana gyaɗa kai, shi me za a kira shi? Mu ba za mu faɗa ba. Kasuwa za ta faɗa."

"Suna dai muka rasa, ranka ya daɗe," in ji Madawaki, "kuma an san inda ake samo shi. Ba a rumbu ba. Mutanen nan da ke tsaye a ƙofa, sunanmu suke ci suke sha. Ban san abin da zan ce musu ba in suka tambaye ni wa suke bi."

Galadima ya matso gaba da gwiwoyinsa. "Zaki, a ba ni damina ɗaya. Ɗaya tak. A bar mutane su shuka, su girbe, rumbu ya cika. Bayan nan in suna ake so, a ƙwace nawa a raba musu, ban taɓa amfani da shi ba. Zan tsaya a kasuwa in ce su suka raunana shi. Zan ce su suka kashe arba'in ɗin ma, in ana so."

"Arba'in ɗin namu ne, Galadima," in ji Kaura.

Sarki Tunau ya dubi Galadima, wanda ke riƙe da rumbunan da babu komai a ciki. Ya dubi ƙofa, inda masu riƙe da takubba suke. Sa'an nan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun hawansa: ya janye amawali ya yi magana da bakinsa, don wannan karon ba ya son a gyara masa.

"Galadima dattijo ne, ba ya ƙarya. Shi ya kashe Ciroma. An amsa jini, an zuba ruwa, sulhu ya ɗauru, babu mai cewa Gwalmi ta yi ha'inci." Ya numfasa. "Sulhun da ya ɗauru kuwa, kakanninmu sun bar mana yadda ake kwance shi. A kai wa Sarkin Tukarai kibiya hannu da hannu. Kafin ta isa, kada doki ɗaya ya taka kwari. Ranar da ta isa, Madawaki da Kaura su nemo sunansu. Kuma ban ga wanda ya cancanci kai ta ba sai jarumin da ya kashe Ciroma da hannu."

Fada ta ɗauka, "Gaskiyarka, Zaki!" Mai duba, daga inda yake zaune, ya gaya wa na kusa da shi cewa abin da ya gani ke nan.

Aka naɗe kibiya cikin jan ƙyalle aka miƙa wa Galadima. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Da aka kawo masa doki ya ce dokin ba shi da lafiya. Aka kawo wani, ya ce wannan ma ya ga yana ɗingishi. Ya ɗauki sanda da gora ya fita ta ƙofar gabas da ƙafa.

Sai a kwana na huɗu ya kai bakin kwari, inda mai doki ke kaiwa a yini ɗaya. Tun daga nesa ya hango hayaƙi. Suna ƙone ciyawa. Har an share wurare da dama, baƙar ƙasa ta fito, an tara ƙasusuwan da aka tono a gindin wata tsamiya ba tare da an tambayi na wane gari ba ne. Can ƙetaren rafi Tukarawa ma suna nasu sassaben, wani yana yi wa wani ihu a ara masa gatari.

Wani tsoho da ke gyara ƙota a bakin hanya ya gane shi, ya yar da abin hannunsa ya durƙusa. Mutane suka taru, mata suna guɗa.

"Ranka ya daɗe, sannu da aiki, Allah ya saka. Dama muna gardama ne. Ni na ce dawa za mu zuba, ƙasar ta huta shekara goma sha ɗaya, za ta yi kai kamar tulu. Waɗannan sun ce gero. Kai ne mai rumbu, raba mu."

Sai a lokacin idonsa ya kai ga jan ƙyallen da ke ƙarƙashin hammatar Galadima. Tsoho ne, ya taɓa ganin irinsa. Guɗar ta mutu daga gaba zuwa baya.

Galadima ya zauna a kan wani kututture, ya miƙe ƙafafunsa, ya kwance takalmi ɗaya yana duba tafin.

"Dawa wata biyar take so," in ji shi. "Ni kuwa tsoho ne, ga ciwon ƙafa, ga rafi zai kawo, kuma ina da niyyar in yi zazzaɓi a hanya. Amma ko na yi duk wannan, Madawaki ba zai haƙura ya wuce wata biyu ba kafin ya aiko mai doki ya karɓe ta."

Wata mata ta gyara goyonta.

"To me za mu yi, ranka ya daɗe?"

"Ku shuka gero, mai saurin nuna. Ruwan farko, kada ku jira na biyu." Ya mai da takalminsa a hankali. "Wataƙila ku ci tumu."